Lugude a Turmin Girgije

Ku gyara zama. Mai tauna ya haɗiye, mai magana ya adana ta sai na gama. Ga ta nan, ga ta nanku.

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

A can farkon zamani, lokacin da sama take kusa har doguwar mace takan taɓa ta da ludayi, girgije ba ya zubar da ruwa don kansa. A dunƙule yake zuwa, da tauri kamar zangarniyar gero, sai an zuba shi a turmi an daka kafin ya saki abin da ke cikinsa.

Turmin kuwa guda ɗaya ne tak a duniya, na icen kirya, a bisa wani dutse inda gabas da yamma suke gaisawa. Masu dakan su uku ne. Giwa tana daka a madadin mazauna tudu. Dorina tana daka a madadin mazauna ruwa. Shamuwa tana daka a madadin masu fiffike, kuma ita ce take zuwa gabas ta koro gizagizai kamar garken tumaki.

Lugude suke yi. Ku 'ya'yan inji ne, ba ku san shi ba, don haka ku saurara. Lugude shi ne mata uku a turmi ɗaya, kowace da taɓaryarta. Wannan ta sauke, tana ɗagawa waccan ta sauke, tana ɗagawa ta ukun ta sauke. Dim, dam, dum. Taɓarya ba ta taɓa 'yar'uwarta. Idan Giwa ta sauke, ruwa ya sauka a gonaki. Idan Dorina ta sauke, koguna su kawo. Idan Shamuwa ta sauke, yayyafi ya wanke kawunan itatuwa su yi fure. Garin girgijen da yake tashi daga bakin turmi kuwa, shi ne hazon safiya mai kwanciya a kwari kamar farar auduga. Muddin ana jin wannan sauti, ba mai taɓa wani. Kura da akuya sukan sha a mashaya ɗaya, har kura ta ce, "Bismillah, ke kika riga ni."

To, akwai Gizo da matarsa Ƙoƙi. Da ruwan shuka ya sauka, kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gona, Gizo kuwa ya nufi gindin tsamiya ya miƙe. Sai da geron mutane ya kai gwiwa sannan Ƙoƙi ta kwance bakin zanenta, ta ba shi ragowar irin da ta ɓoye, ta ce, "Ungo. Bayan wannan babu ko ƙwaya a gidan nan. In ya mutu, mun bi shi."

Ya shuka. Gero ya tsiro ɗan siriri kamar gashin jariri. Gizo ya dubi nasa, ya dubi na maƙwabta, ya ce a ransa, "Ruwa ne ya yi mini kaɗan." Ya saki zarensa, iska ta ɗauke shi har kan dutsen turmi, ya laɓe yana kallo. Abin da ya gani ya ba shi haushi: kullum taɓarya ɗaya ce a cikin turmi, biyu suna sama. Ya ce, "Ashe biyu hutawa suke yi! Da duka ukun za su riƙa sauka babu jira, da ruwa ya ninka uku, da gerona ya kamo na mutane a mako guda."

Ya bari sai da suka tashi shan iska. Ya sami Giwa, ya durƙusa, ya ce da tsamin bakin nan nasa, "Yanki ya daɗe, uwar dawa. Ni dai tausayinki nake ji. Duk girman nan naki, ki tsaya da taɓarya a sama kina jiran tsuntsuwa?"

Giwa ta ce, "Haka muka gada."

Ya ce, "Gashkiya ne. Amma cikin bugu uku, biyu na baƙi ne. Gonakinki na kallo."

Kunnuwan Giwa suka daina kaɗawa.

Ya sami Dorina tana jiƙa bayanta, ya ce, "Gwaggo, sannu da haƙuri. Ruwa naki ne tun asali, amma sai an gama shayar da tudu a ba ki saura."

Dorina ta ce, "Wa ya ce saura?"

Ya ce, "Ni ban ce ba. Kifaye ne ke faɗa."

Ya sami Shamuwa tana gyaran fiffike, ya ce, "Inna, wa ke zuwa gabas ya koro girgije?"

Ta ce, "Ni."

"Wa ke bugu a ƙarshe?"

Shamuwa ta sauke ƙafar da ta ɗage.

Aka koma bakin turmi. Giwa ta sauke, maimakon ta ɗaga ta jira sai ta ƙara. Dorina ta ga haka, ta shigo ba lokacinta ba. Shamuwa ta ce ba za a bar ta a baya ba. Taɓare uku suka haɗu a bakin turmi, ƙau! Wuta ta yi tartsatsi, ita ce walƙiya ta farko a duniya. Turmi ya tsage daga baki har gindi. Gizagizai suka firgita, suka watse gabas, ba wanda ya waiwayo.

Duniya ta yi tsit. Sama ta ja da baya, ta yi fari fat kamar sabuwar ƙwarya.

Dorina ta koma kogi ta ce, "Daga yau ɗan tudu ba ya sa baki a ruwana." Ta sa kadoji gadi. Giwa ta ce, "Daga yau mai fiffike ba ya sauka a icen ƙasata." Ta riƙa bi tana girgiza itatuwa, sheƙuna na faɗuwa. Shamuwa ta tara tsuntsaye ta ce, "Kada wanda ya ƙara cin fara ko tsutsa a gonakinsu, a bar musu kayansu." Kura ta dubi akuya, ta tuna ashe nama ce. Kowane ɓangare ya shiga wasa makami, aka sa kwana uku a haɗu a gindin dutse a raba raini.

Ƙoƙi ta je gona ta ga gero ya naɗe ganye. Ta dawo ta tarar da Gizo ya lulluɓa wai zazzaɓi yake yi. Ta yaye mayafin ta ce, "Malam, zarenka na gani rataye a dutsen turmi."

Ya ce, "Zare ai duk kama yake yi."

Ta ce, "Ni na san saƙar gidana. Kwana uku ya rage wa geron nan, kwana uku ya rage wa duniya. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Tashi."

Gizo ya tashi. Da yake ba shi da wani jari sai baki, bakin ya sake ɗauka. Ya je wa Giwa ya ce, "An gyara turmi, kuma an yarda ke za ki fara bugu." Ya je wa Dorina ya faɗi haka. Ya je wa Shamuwa ya faɗi haka, ya ƙara da cewa ta taho da girgije. Ta ce guda ɗaya ya rage, wani ɗan ƙarami da ƙaya ta riƙe a kan hanyar gabas. Ya ce ko shi ne a kawo.

Sannan ya hau dutse ya shiga cikin turmi, ya soma ɗinke tsagar da zarensa. Ya kai ya komo, ya kai ya komo, yini biyu cur, aikin da bai taɓa yin irinsa ba tun da aka haife shi. Da ya ja zaren ƙarshe, tsaga ta haɗe, gajiya ta kwashe shi a nan gindin turmi. Ya yi mafarkin geronsa ya yi tsawo har zangarniya tana shafar sama, yana hawa yana hawa bai kai ƙarshe ba.

Rana ta uku da hantsi, rundunoni suka cika gindin dutse. Matan uku suka hau, ba wadda ta gaida wata. Shamuwa ta sauke ɗan girgijen a turmi, a kan Gizo, ba ta sani ba. Kowace ta ɗaga taɓarya.

Giwa ta ce, "Ni aka ce."

Dorina ta ce, "Ni dai aka ce."

Shamuwa ta ce, "Wa ya ce muku?"

Sanyin girgije ya farkar da Gizo. Ya leƙa ta gefe ya ga taɓare uku a kansa. Ya kurma ihu, "Wayyo! Ku dakata! Ni na ce! Ni na ce wa kowa! Faɗan farkon ma ni na haɗa, don gerona!"

Giwa ta leƙa ta ce, "Ashe kai ne. Mu daka shi."

Dorina ta ce, "Mu daka shi."

Shamuwa ta ce, "Tare."

Wannan ce maganar farko da bakinsu ya zo ɗaya a kanta tun ranar da turmi ya tsage.

Sai ga Ƙoƙi ta iso tana haki. Ta tsaya a gabansu, 'yar mitsitsiya, ta ce, "Iyayena, ku yi mini aron kunne. Mijina ne, ban ce nagari ba ne. Idan kun daka shi, ni kaɗai na yi asara, kuma ba mai yawa ba. Amma zare ne ke riƙe da turmin nan. Bugu ɗaya zai iya ɗauka a lokaci guda. Kuka sauke tare, ya rabe biyu, kuma babu wani turmin a duniya."

Giwa ta ce, "To ya fito mu taka shi a waje."

Ƙoƙi ta ce, "Bakin zaren daga cikinsa yake fitowa. Ya fita, ɗinki ya warware. Dole ya zauna a ciki har icen ya sha ruwa ya kumbura, tsagar ta rufe da kanta."

Gizo ya ce, "Ƙoƙi, ceto kika zo ko kashewa?"

Ta ce, "Yi shiru, manya na magana."

Dorina ta ce, "Duk mun ji. Wa za ta fara?"

Ƙoƙi ta ɗaga hannuwanta biyu sama, kamar mai riƙe da taɓarya, ta ce, "Saukewa ai ko dutse ya iya, a sake shi kawai ya faɗo. Ni abin da ban sani ba, a cikinku wa ta fi ƙarfin riƙewa a sama."

Giwa ta ce, "Wannan har tambaya ce? Ni da nake ɗaga icen kuka da hanci?"

Dorina ta ce, "Ni da nake yini a ƙarƙashin ruwa ban numfasa ba, ni za a koya wa jira?"

Suka ƙame, taɓare a sama, kowace tana satar kallon 'yar'uwarta. Iska ta tsaya. Rundunonin da ke ƙasa suka ɗaga kai. Shamuwa, da yake ita ce mai ƙaramin ƙarfi, fiffikenta ya soma rawa, ya soma rawa, har taɓaryarta ta sauka. Dim. Gizo ya yi tsalle gefe. Tana ɗagawa, Ƙoƙi ta karkata hannu wajen Dorina. Dam. Gizo ya koma ɗaya gefen. Giwa ta ga ita ta fi kowa daɗewa, ranta ya yi fari, ta sauke a hankali. Dum. Ƙoƙi ta ɗauki waƙa:

"Ɗaga, 'yar'uwa, ɗaga,
Ba ni hanya in sauka.
In na sauka zan ɗaga,
Turmi ɗaya ya ishe mu."

Dim, dam, dum. Da yake taɓarya ɗaya ce take shiga a lokaci guda, kullum akwai gefen da Gizo zai raɓe. Sau ɗaya kawai ya yi nawa, ta Giwa ta shafi ƙugunsa. Ɗan girgijen ya yi laushi, ya saki ɗigo ɗaya, ya saki biyu. Ice ya sha, ya kumbura, tsaga ta rufe bakinta. Can gabas gizagizan da suka gudu suka jiyo sautin da suka sani, suka taho a jere, farare da baƙaƙe, suna sunkuyar da kai kamar tumaki sun ji kiran mai su.

Ruwa ya sauka a kan rundunoni. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Wanda ya ɗaga mashi ya ga ya jiƙe, ya jingine shi ya tara hannu ya sha. Wani kada ya matsa gefe, barewa ta sa baki a kogi. Tsuntsaye suka koma kan itatuwa. Kura ta dubi akuya ta daɗe tana dubanta, sannan ta ce, "Bismillah."

Geron Gizo ya warware ganye. Bai kamo na mutane ba, gama wanda ya makara ya makara, amma ya kai su wata damina har Ƙoƙi ta ɗaure iri a bakin zane.

Shi ya sa har yau ƙugun Gizo yake a tsuke. Shi ya sa Ƙoƙi take tafe da hannuwa biyu a ɗage, tana tuna wa duniya. Idan kuma kun fita da sassafe kun ga raɓa jere a kan yanar gizo, ladan ɗinkinsa ne ake biyansa, ɗigo ɗigo.

Ku riƙe wannan. Duniya turmi ɗaya ce, al'ummai kuwa taɓare ne. Wanda ya ɗaga tasa ya jira ba hutawa yake yi ba, kuma ba cutarsa aka yi ba. Hanya yake bai wa ɗan'uwansa, kuma da wannan hanyar ruwan kowa yake sauka. Ranar da kowa ya ce shi ne farko, ranar turmi yake tsagewa, a rasa mai sha. Gobe idan an ajiye muku akushi ɗaya, zan ga wanda ya ji.

Ƙungurus kan kusu. Ƙaryar da ke ciki ta Gizo ce, ku bar masa kayansa. Gaskiyar kuwa taku ce, ku tashi da ita.