Kazar da Nafeesa Ta Bari a Tukunyar Lantarki

Akwai wata mata mai suna Nafeesa, babbar ma'aikaciya a wata ma'aikatar tarayya a Abuja. A shekarun nan ne da aka koma mulkin farar hula, kuɗin mai na shigowa, duk inda ka waiga gini ake ɗagawa. Da aka sayar wa ma'aikata gidajen gwamnati, ita ma ta samu nata a Garki Area 2.

Nafeesa ba muguwa ba ce. Tana da kyauta, tana riƙe zumunci. Amma Allah ya jarrabe ta da zafin zuciya, kuma idan ranta ya ɓaci ba ta barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa.

A ɗakin bayan gidan akwai wata mata da ke haya, Christina, mutuniyar Filato. Mijinta ya rasu, ita ke riƙe da kanta. Da yamma takan gasa kaza da kifi a bakin layin, ma'aikata su tsaya su saya a hanyarsu ta komawa gida. Shekara huɗu suna tare, ko cokali bai taɓa ɓacewa ba.

A lokacin mahaifin Nafeesa, Malam Nababa, ya yi sati uku a asibiti bayan an yi masa aiki a ciki. Kunu da farfesun kifi sun ishe shi. Da likita ya ce zai iya cin nama idan ya yi laushi sosai, tsohon ya dubi 'yarsa ya ce, "Nafisatu, ni dai gasasshiyar kaza nake marmari. Ko da tsoka ɗaya ce."

Ta ce, "Baba, ranar da aka sallame ka ita za ka tarar a gida."

Tana da wata tukunyar lantarki da ta sayo a Dubai, irin wadda ke dafa abinci a hankali tun safe har yamma ba tare da an tsaya a kanta ba. Ranar sallamar, bayan sallar asuba, ta yanyanka kaji biyu. Ta shafe su da yaji da citta da tafarnuwa, ta shimfiɗa albasa a ƙasan tukunyar, ta jera naman a kai. Ta dama tumatirin gwangwani da zuma da ruwan tsamiya ta kwarara, ta rufe, ta kunna. Lissafinta, kafin ƙarfe biyar naman zai riƙa saɓulewa daga ƙashi, ya yi ɗanɗanon gashi, sai dai ta dafa shinkafa kawai.

Za ta fita ta miƙa wa Christina makulli. "Za a kawo sabuwar katifar Baba da rana. Ki buɗe musu su sa a ɗakin baƙi."

"To Madam, Allah ya kawo Baba lafiya."

Ranar ta zo wa Nafeesa a karkace. Taro ya ja ta har ƙarfe biyu. A asibiti kuma takardar sallama ta maƙale, ana ta tura ta daga wannan taga zuwa waccan. Tana cikin wannan wayarta ta yi ƙara, ta ga Christina ce, ta katse. Ta sake kira, ta sake katsewa. A na uku ta ja tsaki ta ce, "Katifa ce fa kawai, sai an cinye mini rai?" Ta kashe ƙarar wayar ta jefa ta cikin jaka.

Biyar da rabi suka iso gida. Ta zaunar da Baba a falo, ta nufi kicin tana cewa, "Minti goma kawai, Baba."

Sai ta tsaya cak. Tukunyar na kife a kan kanta, an wanke ta tas. Babu nama, babu miya, ko ƙashi ɗaya babu.

Kafin ta gama mamaki, ƙamshin gasasshiyar kaza ya shigo ta taga. Ta leƙa. Ga Christina a bayan gida, durƙushe gaban murhun gawayi, tana kwashe kaza daga kan wayar gashi tana zubawa a wata tukunya. Naman ja-wur, da tumatir da yaji a jikinsa.

Ran Nafeesa ya ɓaci. Ba ta san lokacin da ta fita ba.

"Christina! Ina kazata?"

Christina ta miƙe da sauri tana goge hannu a zani. "Madam, sannu da zuwa. Na kira ki, kazan nan..."

"Ba dogon labari na tambaye ki ba! Kin shiga kicin ɗina ko ba ki shiga ba?"

"Na shiga, amma..."

"Kin taɓa tukunyata ko ba ki taɓa ba?"

"Na taɓa, Madam, ki tsaya in..."

"In tsaya ki shirya mini ƙarya? Abincin ubana, mara lafiya, shi kika kwashe za ki kai bakin titi ki sayar? Na ba ki makulli don na ɗauke ki mutum, ashe ɓarauniya nake ajiye da ita a bayan gida!"

Muryarta ta cika layin. Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Masu jiran Christina ta fito da gashinta suka matso bakin get. Ganin mutane bai sa Nafeesa ta sassauta ba, ƙara tunzura ta ma ya yi.

"Ku zo ku gani! Ku da kuke sayen kazarta, ku tambaye ta daga kicin ɗin wa take kwasowa!"

Christina ta haɗa hannu biyu, idonta ya kawo ruwa. "Don Allah Madam, ki ji magana ɗaya kawai."

Maimakon ta ji, sai ta sa ƙafa ta hankaɗe murhun. Tukunya ta kife, nama ya watse a ƙasa, garwashi ya zubo a kan ƙafar Christina. Matar ta kurma ihu ta zube tana riƙe da ƙafa.

"Kafin ƙarshen wata ki tattara ki bar mini gida!"

A nan ne wani dattijo ya ratso mutane ya shigo. Zacharias ke nan, maƙwabcinsu na gidan kusa, tsohon ma'aikacin lafiya da ya yi ritaya. Ya sa a kawo ruwa ana zuba wa Christina a ƙafa, sannan ya juyo.

"Hajiya, kin gama?"

"Baba Zacharias, kada ka sa baki a..."

"Zan sa. Yau za ki yi shiru ki ji, ko kina so ko ba kya so. Biyo ni."

Bai taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta bi shi har wurin kwandon shara. Ya kwance wata baƙar leda. Warin da ya fito ya sa ta ja da baya tana toshe hanci.

"Ga kazarki nan. Ƙarfe bakwai da kwata aka ɗauke wuta a layin nan, kina fita kenan. Ba a dawo da ita ba sai uku da rabi. Awa takwas ɗanyen nama yana rufe a tukunya cikin wannan zafin. Da matar nan ta shiga buɗe wa masu katifa, ta ji wari, ta kira ni in duba. Ni na ce a zubar. Da an bar shi ya dahu, yaji da zuma za su rufe warin, ki ɗauka ki ba mutumin da ɗinkin cikinsa bai warke ba. Kin san inda za ku kwana yau?"

Zacharias ya nuna naman da ke zube a ƙasa ya ci gaba.

"Waccan da kika zubar kuma ta sana'arta ce. Ta ce ba za a yi wa tsoho alkawari ya dawo ya tarar da tukunya wayam ba. Wurin Ɗangoggo mai kaji ta je da kanta ya yanka mata, don kada ku yi shakkar yankan. Ta gasa, za ta turara ta yi laushi. Duba wayarki."

Nafeesa ta ciro wayar. Kira bakwai. Da saƙo ɗaya: "Madam ba wuta tun safe, kaza ya lalace. Kar ki damu ina yi ma Baba wani."

Ta waiga. Christina na zaune a ƙasa, fatar ƙafarta ta tashi, ga nama cikin turɓaya. Mutanen bakin get sun fara watsewa, kuma yawancinsu ba su ji bayanin Zacharias ba. Abin da suka tafi da shi kalma ɗaya ce: ɓarauniya.

Da ta koma falo ta tarar da Malam Nababa ya dafa bango ya miƙe. Duk abin da aka yi a kunnensa aka yi.

"Baba, zauna, bari in dama maka..."

"Ba na sha. Nafisatu, da kuɗina na sa ki makaranta don ki iya sauraro, ba don ki iya ihu da Turanci ba. Matar da ta tsare mini rai kika ƙona? Ki ɗauke ta ki kai ta asibiti yanzu. Wallahi ba abin da zai shiga bakina a gidan nan sai kin dawo kin gaya mini an duba ta."

Ta kai ta. Aka wanke ƙunar, aka naɗe ƙafar.

Washegari da safe Nafeesa ta ƙwanƙwasa ɗakin baya. Ta durƙusa a bakin gado, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba in ban da iyayenta. Ta ce, "Christina, na zalunce ki. Ki yafe mini don girman Allah. Maganar tashi kuma na janye."

Christina ta dubi ƙafarta da aka naɗe. Sannan ta ce, "Na yafe, Madam. Ƙafa zai warke. Amma ɓarauniya da kika kira ni, duk layi ya ji. Haƙurin kuma ni kaɗai na ji, a cikin ɗaki."

Maganar ta soki Nafeesa fiye da duk faɗan da aka yi mata.

Bayan kwana tara Christina ta fito da murhunta bakin layi tana ɗingishi. Masu saye ba su kai rabin na da ba. Nafeesa ta dawo daga ofis, ta ajiye mota, ta tsaya a gaban teburin Christina da kayan ofis a jikinta. Ta ɗaga murya kamar yadda ta ɗaga a wancan karon.

"Jama'a, ku saurare ni! Ni ce na kira matar nan ɓarauniya. Ƙarya na yi mata. Ba ta ɗaukar mini komai ba, ran mahaifina ta ceta, ni kuma na saka mata da wuta. Wanda ya ji waccan maganar ya kai wa wani, don Allah ya kai masa wannan ma."

Kwana uku tana zuwa tana maimaitawa. Wasu sun dawo saye. Wasu kuwa har yau labarin farko suka sani.

Ƙarshen wata Christina ta ɗaure kayanta, ta ce za ta koma wurin yayanta a garin Yangoji. Nafeesa ta roƙe ta har da hawaye. Christina ta riƙe hannunta ta ce, "Ba fushi nake ba, Madam. Amma yanzu ko ƙofarki na ji an buɗe, sai gabana ya faɗi. Ba zan iya zama haka ba."

Motar kaya ta tashi. Nafeesa na tsaye a bakin get har ta sha kwana.

Darasi: Idan ranka ya ɓaci, ka bar mutum ya ƙarasa maganarsa kafin ka yanke masa hukunci. Minti ɗaya na sauraro zai iya tsare maka abin da shekaru na ba da haƙuri ba za su dawo da shi ba. Kuma wanda ka ci wa mutunci a gaban jama'a, a gaban jama'a za ka wanke shi. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai zafin zuciyar da labarin nan zai sa ya dakata yau.