Yadda Dinya Suka Koyi Karɓa-Karɓa

Ga ta nan tafe, ga ta nanku, yara.

Ta iso mu ji ta, Gwaggo.

Wani garken dinya ne a wata fadama, sun fi ɗari uku. Kowace shekara in ruwa ya janye, sai su tashi zuwa babban tafki mai nisa. A cikinsu duka, uku kaɗai suka san hanya: Tabawa, da Barmo, da Jatau. Wajen iyayensu suka gada. Su ke gaba a sama, su ke fara kiwo a ƙasa. In shawara ta taso, su ukun ke hawa tsibiri su yanke, sannan su sauko su faɗa wa saura. Tabawa ce babbarsu, kuma ba ta taɓa ɓatar da garke ba.

Ana nan, ana nan, wata shekara rani ya yi tsanani. Ana shirin tashi, sai ga Ungulu ta sauka wajen 'yan baya.

Ta ce, "Sannunku, bayin Allah. Fiffike biyu gare ku, fiffike biyu gare su. Me ya sa kullum ku ne a baya?"

Suka ce, "Su suka san hanya."

Ta ce, "Hanya a sama? Sama ai fili ce. Kowa ya shige gaba."

Da aka tashi, kowa ya shige gaba. Wannan ya yi gabas, wancan ya yi arewa. Tabawa na kira, ba mai jin ta. Aka yini ana kewaye. Da la'asar suka sauka, suna hango fadamar da suka baro. Waɗansu sun faɗi don gajiya. Ungulu ta bi su, ta ci ta ƙoshi.

Kashegari da safe Ungulu ta sauka wajen manyan nan uku.

Ta ce, "Ranku ya daɗe, kun ga aikin talakawa jiya? Yau kada ku waiwaya. In kun ji kuka a baya, hayaniya ce kawai."

Barmo ya ce, "Gaskiya ne." Jatau ya ce, "Gaskiya ne." Tabawa ita ma ranta a ɓace yake, sai ta bi.

Suka ja garke, fir, fir, fir, ba waiwaye. Ana kuka a baya, suka toshe kunne. Suka nufi wani kududdufi da kakanninsu ke ya da zango. Da suka isa, ba ko ɗigon ruwa, ƙasa duk ta tsattsage. Waɗansu suka sake faɗuwa. Ungulu ta ci ta ƙoshi.

Rana ta uku, Ungulu ta sami Tabawa ita kaɗai.

Ta ce, "Uwar garke, ku ukun nan ƙarfinku zai kai ku tafki. Ku tafi, ku bar waɗannan."

Tabawa ta dube ta sama da ƙasa. Ta ce, "Malama Ungulu, kowa ya rame a tafiyar nan. Ke kaɗai kika yi ƙiba."

Ungulu ta ce, "Jikin gidanmu ne."

Tabawa ta ce, "To, tashi ki kai shi gidanku."

Sai Tabawa ta taka har ƙarshen garke, inda ba ta taɓa zuwa ba. Ta ce, "'Yan'uwa, jiya kuna kuka. Me kuke cewa?"

Wata dinya mai suna Lantana ta ce, "Inna, mu na baya ƙasa-ƙasa muke tashi. Na ga sawun shanu duk ya yi kudu. Inda shanu suka bi, akwai ruwa."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa har muryata ta dishe. Ba ku waiwayo ba."

Tabawa ta sunkuyar da kai. Sannan ta tara kowa. Ta ce, "Shekaranjiya mun tafi ba jagora, muka yi asara. Jiya mun tafi da jagora marar kunne, muka yi asara. Laifin jiya nawa ne. Yanzu ku saurara." Ta shiga bayyana musu hanya: dutse mai kai biyu, sai kukoki uku, sai busasshen kogi, sai tafki.

Barmo ya ce, "Yaya, gadon gidanmu kike rabawa?"

Ta ce, "In mu ukun muka faɗi, wa zai kai su? Daga yau dole a sami na gaba, amma garke ne zai zaɓe shi. In an yi kuka a baya, ya saurara. In ya gaji ko ya kauce, ya koma baya, wani ya karɓa. Har da ni."

Garke ya zaɓi Lantana ta kai su ruwa. Ta shige gaba, iska ta bugi ƙirjinta kamar bango. Ta yi ta fama har ta kai su wani rafi, kowa ya sha. Tana haki ta ce wa Tabawa, "Inna, ashe haka iskar gaba take? Shekara nawa kina shan ta?"

Tabawa ta ce, "Ni ma yau na san baya. Ashe ku ke ganin wanda ya kusa faɗuwa."

Daga rafi aka zaɓi Tabawa. Da ta gaji ta koma baya, aka zaɓi Jatau. Bayansa aka zaɓi wani da kakansa bai taɓa taka tsibiri ba. Barmo ya yi ta gunaguni, amma da aka kira shi ya ja garke da kyau, da aka ce ya isa, ya koma. Haka suka isa tafki, ba wanda ya ƙara faɗuwa. Ungulu ta bi su yini biyu da yunwa, ta juya.

Shi ya sa har yau in kun ga dinya a sama, za ku ga ɗaya a gaba, na baya suna ta kuka, can kuma na gaban ya zame, wani ya karɓa. Jama'a ba ta tafiya sai da na gaba, yara. Amma na gaban kirki shi ne wanda jama'a ta sa, yana jin ta, kuma in ta ce ya koma baya, ya koma.

Ƙurunƙus kan ɗan tarwaɗa. Ba don ku ba, da ban buɗe baki ba.