Mai Haki a Bayan Makiyayi

Akwai wani makiyayi mai tumaki arba'in. Da rani ruwan kwari yakan ƙafe, sai ya hau da su kan dutse inda wata maɓuɓɓuga take. Shekara talatin yana wannan hawa, bai taɓa tsayawa hutu ba.

Wata rana da rana tsaka, ya kai rabin hanya, sai ya ji wani yana haki a bayansa, dab da kunnensa. Ya waiwaya. Ba kowa, sai duwatsu da tumaki. Ya ƙara sauri, mai hakin ma ya ƙara, har da ɗan fito siriri a ƙarshen kowane numfashi. Ya ji kamar an ɗaure masa ƙirji da igiya. Ya koro tumakin ƙasa, ba su sha ba.

Kashegari ma haka. Daga nan bai ƙara hawa ba. Ya zauna a gindin dutsen inda ba ya jin kome, tumakin suna lasar busasshen taɓo. Biyu suka mutu.

Sai ga wata tsohuwa ta sauko da tulu cike da ruwa a ka.

Ya ce, "Inna, ba abin da ya bi ki a can?"

Ta ce, "Mai hakin nan? Shekara goma sha biyu ke nan muna hawa tare."

"Bai taɓa kama ki ba?"

Ta yi dariya. "Ji mutum da furfura har a gemu! Gobe in ka ji shi, ka toshe hanci da baki, ka saurara."

Da safe ya hau. Da hakin ya taso, ya yi yadda ta ce. Dutsen ya yi tsit. Ya saki hannunsa, mai hakin ya dawo. Sai ya gane hakin kansa ne yake ji. Sa'an nan ya ci gaba a hankali, ya huta sau huɗu, tumakin suka sha.

Ma'anar wannan misali ita ce: mai hakin nan tsufa ne, kuma a cikin ƙirjinmu yake. Yayin da shekaru suke ƙaruwa, zuciya da huhu sukan rage ƙarfi, hawan da yake wasa a dā ya zama aiki. Waɗansu sukan yi musu, su yi ta gudu har su faɗi. Waɗansu kuma sukan tsorata su zauna, zaman ya ƙara raunana su, waɗanda Ubangiji ya danƙa musu su sha wahala. Allah da ya ba mu numfashi bai alkawarta zai kasance kamar na ƙuruciya ba. Ku rage sauri, ku huta ba kunya, in ƙirji yana ciwo ku ga likita. Amma ku tashi ku hau, gama akwai masu ƙishi da suke jiranku.