Tuwon Mutum Biyu

Ranar Lahadi, ɗaya ga watan Janairu, gari ya waye da sanyi mai shiga ƙashi, har ruwan randa ba ya taɓuwa. Akwai wata mace, gwauruwa, da ta tashi a wannan safiya ita kaɗai a gidan da ta shiga tun tana amarya. Kabarin mijinta yana bayan gidan, a gindin wata ɗorawa. Tun da ya rasu, murhunta ya fi kwana ba wuta. Takan jiƙa gari ta sha, ta shige ɗaki tun rana ba ta faɗi ba.

'Yarta Afiniki, mai aikin jinya a birni, ta zo Kirsimeti ta ga yadda zane yake zamewa daga ƙugun uwarta. Da za ta koma ta ce, "Mama, in na dawo Ista na same ki haka, zan rufe gidan nan in tafi da ke." Gwauruwar kuwa babu abin da take tsoro kamar a raba ta da gidan da kabarin da ke bayansa.

A ikilisiyarsu al'ada ce ran sabuwar shekara kowa ya miƙe ya faɗi alkawarinsa. Wani ya ce ya bar giya, wata ta ce ta bar gulma. Da aka zo kanta ta ce, "Bana na daina baƙin ciki." Jama'a suka ce amin. Haka ta faɗa bara, haka kuma suka amsa. Ta koma gida, ta zauna a bakin gado da kayan sujada a jikinta, hawaye suna zuba. Alkawarin bai ko kai tsakar rana ba.

Da yamma sai ga Briskila, ƙanwar mijinta, wadda suke wasa tun da daɗewa.

"Matarmu, ina tuwona? Ko don Yaya ba ya nan kin sallame mu?"

"Ke dai ba kya girma."

"Na ji alkawarinki ɗazu. Babba ne. Ko Fasto ba zai iya ɗaukarsa ba."

"To me zan ce? Abin ba ya barina ko yini ɗaya."

"Duk shekarar da ta wuce, babu ranar da ya ɗan yi sauƙi? Ban ce daɗi ba, sauƙi."

"Babu."

Briskila ba ta yi musu ba, ta zauna tana jira. Can gwauruwar ta ce, "Sai dai ranar da na yi shirme."

Ga yadda abin ya faru. Wata rana da kaka ta ɗora tukunya, hannunta ya auna garin mutum biyu kamar yadda ya saba. Ba ta farga ba sai da ta kwashe malmala a kwanon mijinta. Ta daɗe tsaye tana kallon kwanon. Da yake ba ta iya zubar da abinci, sai ta rufe shi ta kai wa maƙwabciyarta, wata baƙuwa da mijinta ya zo koyarwa a garin. A garin nan kuwa ba a mayar da kwano wofi. Kashegari matar ta kawo shi da dafaffiyar gyaɗa a ciki, ta zauna, suna ɓarewa suna ci, ta ce ita ba ta san kowa ba a nan.

"Ranar na yi barci har zakara ya yi cara ban ji ba," in ji gwauruwar.

"Kin sake yi?"

"In sake me? Kuskure ne fa."

"To gobe ki yi kuskuren da gangan."

Kashegari gwauruwar ta hura wuta, ta auna garin mutum biyu. Ta yi kuka tana tuƙi, amma ta tuƙa. Kwanon ya tafi gidan maƙwabciyar, ya dawo da kunu, ita ma tana biye. Ba kullum ba ne. Akwai ranakun da murhu ya kwana ba wuta, akwai dararen da gefen gadon ya yi mata faɗi kamar da. Sai dai yanzu ta san abin da za ta yi in gari ya waye.

Ma'anar wannan misali ke nan. Gwauruwar nan mu ne, ni da ku. Babban alkawarin shi ne irin wanda muke miƙewa mu yi kowace sabuwar shekara: na daina fushi, na daina damuwa. Niyyar mai kyau ce, amma tana faɗa mana abin da za mu bari ne kawai, ba ta nuna wa hannu abin da zai kama ba. Ranar kuskuren kuwa ita ce ranar da Ubangiji ya riga ya ba mu sauƙi, muka wuce ba mu lura ba, don idonmu yana kan nauyin. Kowannenmu yana da irinta a shekarar da ta wuce. Kafin ka yi alkawarin bana, ka nemi wannan rana. Me ka yi dabam? Wa yake tare da kai? Ka sake yin ɗan abin nan gobe, kome ƙanƙantarsa. In kuma kai ne ka ziyarci mai baƙin ciki, kada ka cika shi da wa'azi. Ka yi tambaya, ka jira.

Ita kuwa gwauruwar, saura mako biyu Ista ta yi doguwar tafiya zuwa gidan waya, ta jefa wasiƙa a akwati zuwa ga Afiniki. Ga abin da ta rubuta: "Ban warke ba, amma ina girki. Ki zo, kada ki zo da kwaɗon rufe gida. Zan auna na mutum uku."