Mai Laimar Boɗinga Da Katangar Ɗanmalam

An yi wani mutum a Boɗinga, mai gyaran janareto ne a bakin kasuwa. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma abin da ya same shi ya ishe shi.

Ya taɓa bin wasu baƙi masu aikin auna ƙasa, yana gyara musu inji. A wurinsu ya koyi tuƙa wata na'ura mai tashi sama. Keke ce mai taya uku da kujera ɗaya, da inji da farfela a bayanta, sai wata ƙatuwar laima mai igiyoyi da iska ke buɗewa ta ɗaga mutum. Da aikinsu ya ƙare suka bar masa tsohuwar, ya kawo ta gida.

Ranar da ya fara tashi a filin makaranta, tsofaffi sun bar abin da suke yi sun fito suna salati. Shi kansa da ya sauko, hawaye yake yi. Aka kewaye shi ana tambaya: "Mi ka gani can bisa?" Ya ce ya ga fadamun albasa kamar tabarmi an shimfiɗa, ya ga shanu kamar tururuwa, ya ga Dingyaɗi da Boɗinga a kallo ɗaya. Ya ce shirwa ta wuce ta ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ce, "Wallahi mu ba komi ba ne. Allah shi ɗai ne babba."

Ya 'yan uwa, ina ma a ce nan ya tsaya.

Daga nan ya shiga doguwar tafiya. Yakan tashi da sanyin safiya kafin iska ta yi ƙarfi, ya bi saman titi zuwa Shagari, ya wuce Tambuwal, wani lokaci har Jega. Idan mai ya yi ƙasa sai ya sauka a filin ƙwallo ko gonar da aka girbe, ya sayi fetur a galan, mutanen ƙauye su kawo masa fura da nono, su ba shi masauki. Ya ga gari ya waye yana tsakanin sama da ƙasa. Ya ga gulbi yana lanƙwasa kamar zaren azurfa. Ya ga ruwa yana zuba a kan gari ɗaya, maƙwabcinsa kuwa rana tsantsa. Cikinmu nan wa aka nuna wa haka?

To amma Shaiɗan ba ya hana ka ni'ima, juya maka ita yake yi.

Gidajenmu a buɗe suke ta sama. Muna gina katanga don ido na tafiya a ƙasa. Mutumin nan ya lura cewa idan ya rage tsawo, tsakar gidan kowa a tafin hannunsa take. Da farko kallo ɗaya ne, ya kau da kai. Daga baya ya daina kau da kai. Sannu a hankali ya bar kallon gajimare da gulbi, ya koma kallon mata suna daka ba mayafi, da rumbun da ya cika, da wanda ya zama kango. Abin da ya gani da safe, da yamma yana teburin mai shayi yana rabawa. Mutane suna dariya, shi kuma yana jin daɗin a ce babu abin da ya ɓuya gare shi.

A Mandera akwai wani dattijo manomin albasa, ana ce masa Ɗanmalam. Yana da ɗa babba, Yusuf, wanda ciwon taɓin hankali ya kama. Iyayen suka killace shi a bayan ɗaki, suna jinyarsa da hannunsu, suna ce wa mutane ya tafi neman magani. Ba su cuci kowa ba. Mutuncin ɗansu suke tsarewa har Allah ya kawo sauƙi.

Mai laima ya hango Yusuf a zaune cikin ƙasa ba riga. Ya ɗauki hotonsa da waya. Kafin kasuwar Shagari ta sake ci, hoton ya shiga hannun yara, ana kwaikwayon zamansa a bakin titi.

Ɗanmalam ya hau mota ya zo Boɗinga. Bai ɗaga murya ba. Ya tsaya a ƙofar shagon mai laima ya ce, "Ɗana, katangar nan da na gina, don maƙwabta na gina ta. Ban san za a leƙo ni daga bisa ba. Mi muka yi maka?"

Mutumin bai ko ajiye sifanar da ke hannunsa ba. Ya ce, "Baba, ni ban shiga gidanka ba. Sama kuwa ba ta da mai ita."

Ku ji fa. Sama ba ta da mai ita! Bakin da ya ce Allah shi kaɗai ne babba, shi ne ya faɗi wannan. Dattijon ya juya ya tafi, kuma daga ranar bai ƙara zuwa kasuwa ba.

Da damina ta kusa, mutumin ya sanar cewa zai yi tafiyar da ba a taɓa yi ba, daga Boɗinga har Yawuri, ya sauka a bakin Kwara. Masu hankali suka ce ya bari, lokacin guguwa ne. Ya ce ya san iska kamar yadda ya san inji. Jama'a suka cika fili, ya tashi ana tafi.

Da ya shiga ƙasar Shagari, maimakon ya hau sama ya miƙe hanyarsa, sai ya sauko daidai kan gidaje yana kewaye, waya a hannu. Manoma da ke sharar gona sun ga abin da bai gani ba. Hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, ya tokare sama da ƙasa kamar dutse mai tafiya, walƙiya na ratsa cikinsa. Suka yi ta ɗaga masa huluna suna nuna bayansa. Ya zaci gaisuwa ce, ya ɗaga musu hannu.

Iskar farko da ta iso ta naɗe laimar nan kamar yadda mace ke naɗe zane. Waɗanda suka gani sun ce sun ji injin yana kuka, sannan shiru. Ya faɗo a kan tsandauri, ƙarfen keken ya danne shi, kayan jikinsa suka kekkece.

Bai mutu ba. Yana kwance tsirara, yana ji yana gani, samari suka taru a kansa kowa da waya. Yana roƙo su rufe shi, muryar ba ta fita. Sai wata tsohuwa, Halima, da ta kawo wa 'ya'yanta abinci gona, ta ratsa su ta cire mayafinta ta lulluɓe shi. Amma hoton ya riga ya fita.

Ƙashin bayansa ya karye. Yau wani ke juya shi, wani ke wanke shi. An ce kullum yana tambaya ko akwai mai zuwa Mandera, yana son a nema masa gafara, amma kunya ta hana kowa ɗaukar saƙon.

Ya 'yan uwa, na'urar ba laifi ba ce, tafiya don ganin ikon Allah ma ibada ce ga mai tunani. Laifin yana ga ido da harshe. Allah ya hana mu bin diddigin asirin juna, kuma wanda ya tona na ɗan uwansa, nasa ba zai rufu ba. Kada ka ce ai ni ba na tashi sama. Wayar da ke aljihunka, gida nawa ta leƙa? Hoton wa ka tura jiya kana dariya? Wanda ya halicci iskar da ta ɗaga mutumin nan yana ganin tsakar gidanka da tsakar zuciyarka, amma ya rufa maka asiri har ka zauna cikin mutane da mutunci. Kai wane ne da za ka yaye na wani?

Ya Allah, ka rufa mana asiri duniya da lahira. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, ka sa ni'imarka ta zame mana sanadin godiya, kada ta zame mana sanadin halaka. Allah ya kiyaye mu. Amin.