Tambayar da Dalsu Ya Tanada wa Yayansa

Akwai wani dattijo a birnin Daegu mai suna Pyo Dalsu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas. Yayansa Gwangsu shi aka kai jami'a, ya zama malamin adabi. Dalsu kuwa tun yana yaro aka cire shi daga makaranta.

Wata shekara a bikin Chuseok, wato bikin kaka da ake yi duk shekara, dangi sun taru ana hirar wani tsohon littafi, Dalsu ya sa baki. Gwangsu ya yi dariya ya ce, "Kai dai tsaya kan sitiyari, wannan ba layinka ba ne." Kowa ya yi dariya. Dalsu ma ya yi, amma maganar ta zauna masa a ƙirji.

Da ya yi ritaya, sai ya tafi laburaren unguwa ya karɓo jerin littattafai ɗari da aka ce kowa ya karanta kafin ya mutu. Ya sayi tabarau, ya duƙufa. Wasu ya sha wuya, shafi ɗaya sai ya maimaita har kansa ya yi ciwo.

Matarsa, wadda ke kiransa da sunan 'yarsu, ta ce, "Baban Hyeri, wai jarrabawa za ka zauna ne a wannan tsufan?"

Ya ce, "Ƙwarai kuwa. Amma ni zan yi tambayoyin."

Duk tsawon lokacin nan bai taka gidan yayansa ba. Sai da ya ci rabin jerin, sannan ya ce bana da shi za a yi Chuseok.

Bayan an gama al'adar girmama kakannin da suka rasu, aka zauna cin abinci. Dalsu ya zuba wa yayansa shayi da hannu biyu. Ya lura Gwangsu ya rame, amma bai kawo komai a ransa ba.

Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Yaya, littafin nan na manomin da ambaliya ta raba da 'yarsa, tunda kai ne malami, tuna mana yadda ya ƙare."

Gwangsu ya juya. Ya dubi matarsa.

Ta yi saurin turo faranti. "Baban Hyeri, ci wainar shinkafar nan kafin ta huce."

Dalsu ya ce, "A'a, bari malam ya amsa. Ko shi ma ba layinsa ba ne?"

Kofin ya kuɓuce wa Gwangsu, shayi ya zube masa a wando. Ya ce a hankali, "Manomi... wane manomi?" Sai ya ƙura wa Dalsu ido, ya sunkuyar da kai cikin ladabi irin wanda ake yi wa baƙo. "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, a wace makaranta muka haɗu?"

Matar yayan ta rufe fuska da hannu. Ashe ciwon mantuwa ya daɗe da kama Gwangsu, tun yana gane kansa ya roƙe ta kada ta faɗa wa kowa.

Duk idanu suka koma kan Dalsu. Ga ranar da ya daɗe yana jira, ga amsar a bakinsa, amma babu wanda zai kayar.

Ya ɗauki tsumma ya durƙusa yana goge wa yayansa wando. Ya ce, "Manomi ne mai taurin kai, Yaya. Ruwa ya zo, aka ce ya gudu, ya ƙi saboda saniyarsa."

Gwangsu ya ɗago kai. Ya matso. "To, sai me ya faru?"

Dalsu ya ci gaba. Abinci ya huce, ba wanda ya motsa. Da ya kai inda manomin ya tsinci takalmin 'yarsa a cikin laka, hawaye suka zubo wa Gwangsu. Ya ce, "Wannan labari ne mai kyau. Ban taɓa jin sa ba."

Tun daga ranar, duk Laraba Dalsu kan hau jirgin ƙasa da littafi a jaka, ya je ya karanta wa yayansa. Har yau Gwangsu bai tuna sunansa ba. Amma da ya ji motsin ƙofa, sai ya gyara zama ya ce wa matarsa, "Kawo matashi mai laushi, mutumin kirkin nan ya zo."

Darasi: Karatu ba ya tsufa, amma kada ka neme shi don ka rama wulaƙanci. Wanda kake tanadar wa magana, wataƙila yana ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsa. Ka je ka duba ɗan'uwanka tun yana gane fuskarka. Ku tura wannan labari ga wanda kuka san ya daɗe yana riƙe da ɗan'uwansa a zuciya.