Kwalbar da Ta Hana Yayanta

Akwai wata mai binciken magunguna da 'yan gidansu ke tsokana da suna Likitar Ganye. Aikinta shi ne tatso sinadari daga saiwar wani ɗan tsiro, ta ɗiga a kan ƙwayoyin kansar ƙwaƙwalwa da ake reno a farantin gilashi.

Rannan ta duba, ta tarar ƙwayoyin sun mutu. Murna ta hana bakinta shiru, ta je ta ba da labari a gida. Da ta san abin da zai biyo baya, da ta haɗiye maganarta.

Ba a jima ba aka gano ƙari a ƙwaƙwalwar matar yayanta, aka sa ranar tiyata. Yayan nan shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu. Ya same ta a wurin aiki, idanunsa jajir.

"Auta, ba za a fasa kan uwar 'ya'yana ba. Ba ni kwalbar sinadarin nan da kika ba mu labari."

"Yaya, a faranti ya yi aiki, ba a jikin mutum ba. Ko a kan ɓeraye ban gama gwadawa ba."

"Wato ɓerayenki sun fi matata daraja?"

Kwalbar na cikin firij a bayanta. Wallahi zuciyarta ta so ta miƙa masa, amma ta san in ya karɓa sun bar asibiti ke nan. Ta kulle firij ɗin tana hawaye.

Ya daina amsa gaisuwarta. Dangi suka ce boko ya cinye mata imani. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ta daure, ta je ta zauna a bakin gadon mara lafiyar ta faɗa mata gaskiya.

Matar ta ce, "Ni dai ku kai ni asibiti."

Aka yi tiyata. Ta farfaɗo hannun hagu ba ƙarfi, magana da ƙyar, amma ta kira sunayen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya.

Bayan wasu watanni matar ta matsa wa mijin ya je ya shirya da ƙanwarsa. Ya tarar da ita tana kwashe matattun ɓeraye daga keji.

"Me ya kashe su?"

"Sinadarin ne. Bai ma kai ƙwaƙwalwa ba, hanta ya lalata musu."

"Wanda na ce ki ba ni?"

"Shi ne, Yaya."

Ya nemi wuri ya zauna. Can ya ce, "Da ni zan riƙa ba ta a cokali. Da hannuna."

Darasi: Allah ya sa magani a tsirrai, amma sai an yi haƙurin gwaji ake sanin wanda ke warkarwa da wanda ke kisa. Mai ƙaunarka na iya hana ka abin da kake kuka a kai. Ku tura wa duk mai jinyar wani nasa, kada tsoro ya raba shi da asibiti.